Ƙwayoyin da suka zo a makare

Damagaram, daren Talata, Yuli 2005

Har gobe ban yafe wa sufeton da ya raba ni da koyarwa a lakwal, makarantar boko, ba, wai ciwon kaina lalaci ne. Wanzamin Tirmini ya tsaga mini goshi, ya kafa ƙaho, duk a banza. Bana fari ya hana mu gero da gyaɗa, sai farar shinkafar taimako, ciwon ya ƙaru.

Yau likita ta auna jinina, ta ce, "Baba, sinadarin manyeziyom ya yi ƙasa a jikinka. Ƙarancinsa na tada irin wannan ciwon. Ga ƙwayoyi."

Na karɓa, na zuba musu ido. Ashe ƙwayoyi kawai?

Ajina dai ya tafi, da sunan Mushe, wato malam da Faransanci, da yara ke kirana da shi.