Ruwan Wankan Ɗiyar Fari

Litinin, 13 ga Maris 2006

Da safen ga na ga jini a zanen goyon Inna. Ba mai yawa ba, ɗigo-ɗigo, daidai inda yarinyar ke aza kuncinta. Na duƙa bakin zana kamar mai gyaran takalmi, ina kallo ta wutsiyar ido. Tana goga fuska a bayan Inna, hagu, dama, hagu, kamar akuya a jikin katanga. Kumatun sun yi ja, sun bushe suna ɓarewa. Bayan gwiwa ma haka. Inna ta ce kirci ne.

Ɗiyata ce, ta fari. Shi ya sa ban matsa ba. Gidanmu ɗan fari na kakarshi ne. Ba ka ɗauka gaban mutane, ba ka kiran suna, ba ka tambaya ko ya kwana lahiya. Safiya ma da ta haife ta, in ta ba ta nono sai ta miƙa ma Inna ta kau da kai. Ko nan ban iya rubuta sunan.

Na hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Malbaza wurin dakon siminti, da abin a raina.

Talata, 14 ga Maris

Ba wanda ya yi barcin kirki. Buhu ya yi mani nauyi yau.

Alhamis, 16 ga Maris

Na makara da gangan don in ga wankan. Inna na dafa ruwa har shi yi tururi, ta ɗan surka kaɗan. Sai soso, sai sabulun ga mai ƙamshi da anka kawo ran suna. Tana dirzawa tana mata waƙa. In ta gama ta zuba hoda har yarinyar ta yi fari fat.

Abin da na lura: ba lokacin wankan ne ta fi wahala ba, bayan shi ne. In fatar ta sha iska ta ɗaure, nan take fara susa.

Asabar, 18 ga Maris

Dakon siminti tun safe a bakin luzin, kamfanin da ke yin shi. Saminu direba ya ce, “Angon bara, ya ɗiyar?” Na ce, “Wace ɗiya?” Ya yi dariya har da dukan sitiyari. Ya ce ku mutanen Tsarnawa kunya za ta kashe ku.

Da munka tashi na tsaya ina duban hannuwana. Siminti ya cinye su, sun tsattsage. Na daɗe da sanin in na sa masu ruwan zafi daɗi ne na ɗan lokaci, daga baya ƙaiƙayi kamar in cire fatar. Ba abin da ke kwantar da su sai man kaɗe, shi ma in na shafa tun hannun na da danshi. To fatar jariri fa?

Ban sani ba. Ni ba likita ba.

Laraba, 22 ga Maris

An gwada ruwan ganyen bedi, wato dogon yaro. An ƙara hoda. Yanzu har wuya ya kama.

Ina alwala na ji Inna na faɗa ma Safiya, da ƙarfi don ni ma in ji: in bai yi sauƙi ba za ta kira Barmo wanzami shi tsattsaga mata kumatu da bayan gwiwa, mugun jinin shi fita.

Aska. A fatar da ko zane ba ta so.

Juma'a, 24 ga Maris

Na ce ma Safiya ta gaya ma Inna a rage zafin ruwan. Ta zaro ido. “Ni? In ce ma surukata ba ta iya wanka ba, kuma a kan ɗiyar fari? So kake a yi da ni bakin rijiya? Kai ne ɗanta.” Na ce ai ni abin ya fi muni. Sai na ga tana share ido da bakin kallabi. Ta ce in tana ba ta nono ba ta iya duban fuskar.

Na gaji. Ba gajiyar buhu ba.

Talata, 28 ga Maris

Na shiga likita, asibitin garinmu, ni kaɗai. Majo, mai duba marasa lahiya, mace ce, babba, mai tabarau. Na kwatanta mata komi. Ta ce, “Ɗiyar wa?” Na ce ta gidanmu ce. Ta dube ni ta saman tabarau. “Ta fari ce ke nan.” Na duƙar da kai.

Ta ce ba ta ba da magani ga ɗiyar da ba ta gani ba, a kawo ta. Amma kafin nan: ruwa mai ɗumi-ɗumi ba mai zafi ba, a yi wankan da sauri, ba soso, ba sabulu mai ƙamshi, ba hoda. A dunga tsane jikin da zane mai laushi, kar a goga. A shafa mai nan take. Na ce man kaɗe fa? Ta ce shina yi, in mai kyau ne ba gami. A yanke mata akaifa. Ta ce ba a ɗaukar shi daga wani, kuma shina tahiya shina dawowa, sai haƙuri.

Da na ambaci wanzami ta cire tabarau ta aje. “Kar ka bari.”

Faɗi da sauƙi.

Lahadi, 2 ga Afrilu

An yi rasuwa Illela, matar kawu. Inna ta tahi gaisuwa, za ta kwan biyu. Allah shi jiƙan mamaciya, Allah kuma shi gafarta mani abin da na ji a raina da motar ta tashi.

Safiya ta yi wankan yadda majo ta ce. Na kawo gwangwanin man kaɗena. Munka saki labule kamar ɓarayi. Ni na yanke akaifar, da haƙori, don ina tsoron reza. Ta kama mani yatsa ta ƙi saki. Ashe tana da ƙarfi.

Alhamis, 6 ga Afrilu

Jan ya ragu. Kumatun sun yi laushi. Ta yi barcin rana har Safiya ta kai hannu hancinta don ta tabbata tana numfashi.

Ya kamata in kai ta likita yanzu da Inna ba ta nan. Amma a bi ta gaban majalisar bakin gudro, titin kwalta, da ɗiyar fari? Na ce a bari, ai ta ji sauƙi.

Lahadi, 9 ga Afrilu

Inna ta dawo. Ta sansana yarinyar ta ce, “Kun bar mani ita cikin dauɗa, sai warin man kaɗe.” Ta aza tukunya.

Ina tsaye. Ina kallo har ruwan ya yi tururi.

Talata, 11 ga Afrilu

Kircin ya dawo, ya fi na da. Kuncin hagu na fidda ruwa. An aika ma Barmo, gobe da safe.

Laraba, 12 ga Afrilu

Bari in rubuta.

Ban tahi aiki ba. Barmo ya zo da zabirarshi, ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bedi, shina wasa aska shina ba'a da Inna. Inna ta kwance yarinyar ta aza a cinya, ta riƙe mata hannuwa. Safiya ta shige ɗaki. Yarinyar ba ta san komi ba, ta ga aska na walƙiya tana miƙa wuya.

Ban san lokacin da na isa tabarmar ba. Na duƙa na ɗauke ta. Na ce, “Inna, a yi haƙuri. Ba a tsaga ta.”

Inna ta ce, “Ƙasimu, kai ne? Gabana?” Na ce ruwan ne ya yi mata zafi, da soson. Ta ce, “Da ruwan ga na wanke ka, ka mutu?” Na ce ban mutu ba, Inna. Na ce lokacin da kike Illela ta samu barci.

Wannan maganar ce ta fi yi mata ciwo, na gani a fuskarta. Da ma ban faɗe ta haka ba.

Barmo ya maida aska kube ya ce, “Yau na ga uban ɗiyar fari da baki. To a ba ni gorona, ƙafata ba ta zo banza ba.”

Na aza ta a kafaɗa na bi gudro har likita. Ƴan majalisa sunka bar shayi suna kallo. Wani ya ce, “Ƙasimu, ka koma raino?” Ban waiwaya ba. Safiya na biye da ni nesa-nesa. Majo ta wanke wurin, ta ba da wani mai na shafawa a inda ya yi ja, ta ce kaɗan-kaɗan, kwana kaɗan kawai. Ta ce wa ya ba ni ƙarfin hali. Na ce ba kowa.

Asabar, 15 ga Afrilu

Inna na amsa gaisuwata da kai. Ta bar ma Safiya wankan. Tuwo ba daɗi.

Juma'a, 21 ga Afrilu

Kuncin ya bushe. Bayan gwiwa ne ya rage. In ta yi zufa sai shi taso. Haƙuri dai.

Asabar, 29 ga Afrilu

Ba wani labari. Zafi ya yi yawa, hadari shina haɗuwa shina watsewa.

Da safe na fito na iske Inna ce da kwanon wanka. Gabana ya faɗi. Sai na ga ta ɗebo ruwan randa ta ƙara, ta tsoma gwiwar hannu, ta sake ƙarawa. Soson na rataye a zana, ya bushe ƙamas. Ba ta dube ni ba, ta ce ma iska, “Wani shi miƙo mani gwangwanin man ga.”

Na miƙa. Yarinyar na ta fantsama ruwa, ta jiƙa ma Inna zane. Wai na ce, “Badi'a, bari mana.” Ni dai ban ji na faɗa ba. Ƙila tari na yi.

Amma Safiya na bakin murhu, ta rufe baki da kallabi. Barmo ma na zaure, ya biyo karɓar sauran goronshi, ya ce har can ya ji. Inna kuwa ta ci gaba da shafa mai kamar ba ta da kunne. Shaidu uku ke nan a kan na kira sunanta.