Lakki Ta Hana Nono

Kot Haral, bakin kogin Canab

Zuwa ga 'yata Shamshad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ya Lahore, ya sanyi? Mu nan lafiya lau, irin lafiyar tsoho wadda gwiwa ke yi wa gardama.

Shamshad, Lakki ta hana nono. Tun da muka kai mahaifiyarki makwancinta, ɓaunar nan ba ta saki ko cikin cokali da son ranta ba. Kin san halinta. Sai mahaifiyarki ta tsuguna, ta jingina goshi a cinyarta, ta ɗauko waƙar tatsar nan da Jangoci, harshenmu na gado, sannan hantsa ta cika. Matar Zawar, yayanki, ta gwada. Yarinyar kirki ce, amma 'yar birni ce, da Urdu take lallashinta, Lakki kuwa ta yi ƙafa da bokitin. Ni ma na gwada. Shekara da shekaru waƙar na shiga kunnena ina gefe ina shan lofe, ashe amon kawai na riƙe, ban riƙe baiti ko ɗaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na zaga ƙauyen nan gida-gida. Matan da suka iya duk suna maƙabarta. Matasan dariya suka yi mini, wai yanzu allura ake yi wa dabba. Mun yi allurar, ta ɗan saki, daga baya ta kafe, har ta fara rama.

Jiya Zawar ya ce, "Abba, dabbar da ba ta ba da nono ba za ta ci dusa a gidan nan ba. In wata ya kama, sai kasuwa." Ban ga laifinsa ba, dusa ta yi tsada. Amma kakar Lakki ce ta biyo mahaifiyarki ranar da aka kawo ta gidan nan, kuma Lakki kaɗai ce abu mai numfashi da ya rage daga kayan aurenta.

Ke ce kike tsugunawa kusa da ita kina ƙarama. Na san a makaranta an yi ta kiran ku 'yan daji har kuka bar harshen, na san yaranki ba sa ji. Duk da haka ki tono waƙar, 'yata. Ki rera, ki turo a wayar Zawar kafin wata ya kama.

Ki gaida kowa.

Mahaifinki,
Mahram

Zuwa ga 'yata Shamshad,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, da fatan tarin ƙaramin ya yi sauƙi.

Saƙonki ya iso. Da asuba Zawar ya riƙe wayar kusa da kunnen Lakki, matarsa ta tsuguna da bokiti. Da kika yi baitin farko ta daina tuƙa, ta juyo da kai tana neman ƙofa. Wallahi ni ma sai da na dubi ƙofar, don muryarki ta mahaifiyarki ce sak. A baiti na biyu kika tsaya, muka ji kina jan numfashi, sannan kika ƙarasa da Urdu. Lakki ta mayar da kanta cikin ciyawa. Mun maimaita har rana ta fito, ba ta sake juyowa ba.

Kada ki yi kuka, kin ba da abin da kike da shi.

An kai ta kasuwa ranar Alhamis. Ban bi su ba. Na tambayi Zawar wanda ya saye ta, sai ya ce, "Wani mutum ne, Abba," ya shige ɗaki. Ba wanda ke sayen ɓaunar da ta kafe don ya yi kiwo, ni ba yaro ba ne.

Gidan ya yi shiru. A da, da yamma nakan zauna a garken in yi ta magana da Lakki, ita ce kaɗai ba ta cewa in maimaita. Yanzu 'ya'yan Zawar in na yi musu magana sai su dubi uwarsu ta fassara, har na rage yi. Ina kewar mahaifiyarki, 'yata, kewa mai tsanani.

Kin ce za ki zo. Kada ki wahalar da yaran a sanyin nan, babu abin gaggawa kuma. Alfarma ɗaya nake nema. Ranar da aka kira ki a kaina, matan ƙauye za su zuba miki ido ki ɗauko kukan makokin garinmu, yadda 'ya take yi wa uba. Kada ki ji kunya in ya maƙale miki a baiti na biyu. Ki ƙarasa da Urdu, Allah yana ji.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Mahram