Tulun da Baiwa Ta Liƙe

Yaya Datti,

Gaisuwa daga Lakwaja ta hannun fatake. Ya mutanen Toranke, ya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau, sai dai matata Baiwa ta rasu da kaka. Na san ba ka son addinin da muka shiga, amma Yesu zai tashe ta, da wannan nake tsaye.

Kada ka sayar da geronka bana, yunwa ta shigo ƙasa. Baiwa ta hango haka, ta cika tulu da dawa, ta liƙe bakinsa da laka saboda ranar yunwa.

Ranar ta zo, Yaya. Amma shatin yatsunta yana nan a jikin lakar, na kasa fasawa.

Allah ya tsare ku.

Ƙaninka, Inuwa