Ɗakin Inna Ba Ya Cikin Tarihi

Jidda, Yuli 1999

Yaya Mikail,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya su Nana Hauwa da yara? Ya damina a Dala?

Ni lafiya lau. Bayana ne kawai yake ɗan ƙorafi da ɗaukar bulo, amma kada ka gaya wa kowa.

Saƙonka ya iso. Ka ce tunda soja sun sauka, za a gyara gidan kakanmu ya zama gidan tarihi, da azara da makuba kamar da. Wallahi na ji daɗi. Sai na kai inda ka ce masu gyaran za su rushe ɗakin Inna, wai siminti da kwano ba sa cikin tarihi.

Yaya, daga nan Jidda na sa aka gina mata shi don ta huta da yoyo. Kullum ina cewa baɗi zan zo in gan ta a ciki, har Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta.

Ban ce a hana su ba. Amma don Allah, kafin su sa diga, ka kira mai hoto. A ciki ta rasu, ni kuwa ko ƙofarsa ban taɓa gani ba.

Ƙaninka,
Isiyaku