Rana Ta Yi Aman Wuta, Baba

Assalamu alaikum Baba,

Ina fata kana lafiya, da Inna da kowa da kowa. Ƙafar Inna ta daina kumburin?

Albishirinka. Ka san wata tara ina zaman jiran rana ta yi aman wuta, har malamata ta ce in zango ya ƙare ba labari, sai na ƙara shekara. Ran Talata da hantsi ina shan shayi, sai layin da ke allon kwamfutata ya miƙe tsaye. Tauraron ɗan adam ne ya kamo hasken, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Ƙwayoyin lantarki ne ke haifar da shi in sun kwaso da gudu sun daki jikin rana, ni kuma abin da ke ingiza su nake bincike. Malamata ta duba ta ce, "Wannan ya ishe ki rubuta kundinki." Don murna har shayin na ɓarar.

Abin dariya, ɗakin aikinmu ko taga babu. Likita ya ce rashin shiga rana ne ya sa min ciwon ƙashi, har na ɗan kwanta asibiti. Ya wuce, kada Inna ta ji.

A turo min hoton jaririyar Yaya, kuma a ci gaba da sa min albarka. Ka ce wa Kawu ya fara kwashe buhunansa daga ɗakina, in Allah ya yarda bana zan dawo.

'Yarka,
Sarkin Tambaya