Na Ce Zan Kashe Kanal, Gari Ya Guje Ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi na rasa wanda zan faɗa wa ya gane.

Ni ɗan Batsari ne, kwamfuta na karanta, aiki ya kawo ni Safana. A wani ƙaramin asibiti wajen Runka akwai firjin allurar rigakafi da maganin saran maciji, ni na haɗa masa wata 'yar kwamfuta mai lura da sanyinsa, in wutar sola ta yi ƙasa ta juya shi kan batir, ta turo mini saƙo. To a cikin manhajar da ke tafiyar da ita akwai sashen da shi ne zuciyarta, mu masu sana'ar kanal muke ce masa, a baki daidai da kanal na soja. In ya daskare komai ya tsaya, ba juyawa ba saƙo, fitila kuwa tana nan kore shar kamar lafiya lau. Ya taɓa yi mana haka, magani ya lalace.

Wata guda na yi a ɗaki ni kaɗai ina gyara shi, na yi masa mai gadi, da ya yi shiru sai na'urar ta kashe kanta ta tashi. Na gwada har na gaji, yana aiki. Sai dai gyaran ba ya ɗoruwa kan na'urar asibitin daga nesa, dole in je da ƙafata.

Ranar kasuwa ina bayan a-kori-kura, nas ɗin asibitin, Anti muke ce mata, ta kira wai ya sake tsayawa. Sabis ba kyau, ni kuma da shegen baki sai na ɗaga murya, na ce kanal ɗin ne matsalarmu, Laraba ta sama zan shigo in kashe shi in ɗora wani. Mota ta yi tsit, ni ban ma lura ba.

Kwana biyu magana ta zaga gari, wai infoman 'yan daji ne ni. Mai naman da muke tsokanar juna yanzu miƙo mini yake bai ko ɗago ba. A masallaci in na tsaya sahu sai na kusa da ni ya matsa. Mai gidan da nake haya mun yi cacar baki, na ɗauko na'urar gwajin na nuna masa, ya ce ai da irin su ake aika wa daji labari. Na je wajen liman na yi bayani tiryan-tiryan, abin da ya ce kawai Allah ya kyauta. Kaɗaici ya ishe ni, rabona da hira da mutum ido da ido tun ranar. An ce har masu tsaron hanyar Runka sun ji sunana.

Mahaifiyata ta ce in tattaro in dawo Batsari, wai ita ba ta haifa wa firji ɗa ba. Amma damina ce, mutane suna gona, lokacin saran maciji ne. Anti yanzu da hannu take taɓa firjin tana duba sanyi. Jiya ta kira, wai an kawo wani manomi a kan jaki maciji ya sare shi, maganin ya yi aiki, ya tashi. Sai ta ce, ƙanina, Laraba kana tafe dai ko? 

In je a tare ni a hanya da na'ura a jaka, ko in bi maganar uwata in bar na gaba da za a kawo kan jaki ya tarar da ruwan banza a kwalba? Ku faɗa mini, gobe ce Laraba.