Mai Ruwan Ƙasa da Muryata

Litinin, 3 ga Maris

Likita ya ƙara min abin shaƙa na biyu, mai ruwan ƙasa. Safe da yamma, ko asmar ba ta tashi ba. Na farkon kuwa, shuɗin, sai in ƙirji ya riƙe. To, mun ji.

Talata, 11 ga Maris

Muryata ta dishe. Yara hamsin da bakwai a ajina, na baya ba sa ji na. Na ce a yi shiru, sai wani ƙara ya fito kamar tsohuwar ƙofa, ajin ya kwashe da dariya.

Juma'a, 14 ga Maris

Shugabar makaranta ta kira ni ofis. "Malama, in muryar ba ta dawo ba, ki koma ɗakin littattafai, sabuwar malama ta riƙe aji shida." Yarinyar da ko alli ba ta iya riƙewa! Shekara goma sha huɗu nake ajin nan, ga jarrabawa saura wata biyu. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na tabbata mai ruwan ƙasan ne. Na jefa shi a durowa. Dama ban taɓa jin yana yin komai ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Murya ta dawo tangaran. Ƙanwata ta leƙa durowa ta ce, "Yaya, wannan fa?" Na ce ta kula da tukunyarta.

Laraba, 26 ga Maris

Shuɗi sau biyar yau. Hawan matakalar bene ne kawai ya jawo.

Asabar, 29 ga Maris

Jiya ina tsakiyar lissafi numfashi ya ƙi shiga. Shuɗin bai yi komai ba. Sabuwar malamar ce ta fitar da yaran, ta kai ni asibiti, tana ta cewa, "Mama, a hankali." Wallahi na tsorata.

Litinin, 31 ga Maris

An sallame ni. Mai ba da magani ta asibitin ta tambaye ni ko ina kurkure baki bayan shaƙa mai ruwan ƙasan. Wane kurkure? Ashe ragowarsa ce ke zama a maƙogwaro. Ta ba ni wata roba mai kama da kwalba in riƙa shaƙa ta ciki. Ta ce shuɗi buɗe hanya kawai yake yi, ɗayan ne ke hana hanyar numfashi kumbura. "Muryar tana iya ɗan dishewa duk da haka, amma kar ki sake daina shi."

Litinin, 7 ga Afrilu

Ina shaƙa, ina kurkurewa. Murya dai rabi-rabi.

Na je ofis da kaina. Na ce wa Shugaba yarinyar ta ɗauki karatun baki da shifta, ni in riƙe lissafi da duba littattafai. Don kawai ta koyi aiki ne, ba wani abu ba.

Yau na zauna a bencin baya ina saurarenta. Har can ana jin ta sarai. Ban gyara mata komai ba.